Baƙuwa a Ɗakin Kaka

Su huɗu ne 'yan gidan, amma uku ne ke kwana a cikinsa. Abba yana aiki da kamfanin da ke shimfiɗa wayoyin sadarwa a can nesa, sai ya yi watanni bai leƙo ba. Umma tela ce, kekenta yana ɗakin gaba, kusa da ƙofar shigowa. Sai Kaka, mahaifiyar Abba, wadda manya ke kira Inna. Sai kuma yarinya guda 'yar firamare da aka sa wa sunan Kaka, saboda haka kowa Takwara yake ce mata, ban da Abba da ke ce mata Mamana.

Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne hannu. Babba ɗaya ce mai lafiya a gidan, kuma ba ta iya zama a ɗakin ɗinki da kicin da ɗakin Kaka a lokaci guda.

Don haka ne Abba ya haɗa wata na'ura da kansa. Baƙin akwati ne, bai kai kwalin takalmi ba, yana zaune a kan kanta a cikin sito, tsakanin buhun shinkafa da gwangwanayen fenti. Shi ke kunna fitila idan mutum ya shiga ɗaki, shi ke tayar da injin ruwa idan tanki ya yi ƙasa, shi ke buɗe ƙofa ya ce sannu da zuwa da wata siririyar murya. Kaka ce ta raɗa masa suna. Ta ce tunda ɗanta ya tafi ya bar musu akwati a madadinsa, to sunansa Wakili.

Lokacin da Kaka ta fara fama da jiri, Abba ya ƙara wata 'yar kyamara a saman ƙofar ɗakinta, domin idan ta faɗi Wakili ya yi ihu. Ranar da aka koya masa fuskokin 'yan gida, kowa ya zauna an ɗauke shi hoto ta gaba, ta hagu, ta dama. Kaka ta sha kwalli ta gyara ɗauri.

"Wai aure za a sake yi mini ne?" in ji ta. "To ku gaya wa angon ba na girki, ba na wanki."

"Wa zai kwashi tsohuwa?" in ji Takwara.

"Wanda ya ga jikar ya gudu."

Haka suke, kullum cikin tsiya.

Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Kaka, aka kwantar da ita a asibiti. Da aka dawo da ita, gefen dama na fuskarta ya sauka, bakin ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa sosai ko da tana barci. Maganarta ta koma guntu-guntu, sai an kasa kunne. Abba ya zo ya yi 'yan kwanaki, ya ɗaura mata wani madanni mai igiya a gefen gado ta hannun hagu. Idan ta danna, Wakili zai kaɗa ƙararrawa a kicin da ɗakin ɗinki. Ya gwada, ta yi ƙara nan take. Sai ya koma bakin aikinsa.

Takwara kuwa ta koma gaishe da Kaka daga bakin ƙofa. Takan ce, "Kaka, ya jiki?" idonta a kan labule ko a kan ƙafar gado, kafin amsar ta gama fitowa ta wuce.

Ba a daɗe ba gidan ya fara wani irin hali.

Da farko ƙara ce. 'Yar fankar da ke cikin Wakili ta fara wani siririn kuka, kamar sauro ya shiga kunne, kuma ba ta dainawa. Daga nan sai fitilu. Takwara takan shiga banɗaki cikin duhu, ta gama abin da take yi ta fito, sai ta kai tsakiyar falo ta ji ƙas a bayanta, fitilar ta kama a ɗakin da babu kowa. Rannan ta dawo daga makaranta, ta cire takalmi, ta sauya kaya, ta zauna cin abinci. Tana tsakar ci sai muryar ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa," a hankali, ga ƙofar a rufe.

Ta ajiye cokali.

"Umma, wa ya shigo?"

Umma ta leƙo daga ɗakin ɗinki da allura a baki. Ta dubi ƙofa, ta dubi yarinyar.

"Ke yake gaisarwa. Ya makara ne."

"Ni da na daɗe da shigowa?"

"Ci abincinki."

Amma Takwara ta ga Umma ta je ta taɓa sakata da hannunta kafin ta koma.

Wata rana da yamma an aike ta ta kai wa Kaka ruwa. Ta same ta tana barci, hannun hagun a ƙarƙashin kumatu, madannin yana reto a gefen gado ba mai taɓa shi. Tana tsaye tana kallonsa sai ta ji ƙararrawa ta kaɗa a kicin. Sauran kaɗan kofin ya suɓuce mata.

Umma ta yi niyyar gaya wa Abba, sai dai ɗinkin mutane ya yi mata yawa, ta ce sai ƙarshen mako. Ranar Juma'a bayan azahar tana kan keke, ƙararrawa ta kaɗa. Ta ƙarasa layin da take kai, ta yanke zare, ta tafi. Ta tarar da Kaka a ƙasa, tsakanin gado da bango, ta dunƙule igiyar madannin a hannu. Kofin ruwa ya kife kusa da ita, kuma ruwan da ya zube har ya bushe ta gefe-gefe. Kaka ba ta karye ba, goshinta ne ya kumbura. Amma Umma ta daɗe tana kallon wannan busasshen ruwa, domin shi ya gaya mata tun yaushe tsohuwar take kira.

Washegari babu makaranta. Da hantsi Umma ta shiga sito da kwamfutar Abba, ta kira Abba, ta jingina wayarta da gwangwanin fenti ta buɗe muryar. Takwara ta zauna a kan buhun shinkafa.

"Abban Takwara, yau ko a gyara abin nan ko in cire shi in jefar," in ji Umma.

"Ki yi haƙuri, za mu bi shi a hankali. Fara taɓa shi tukuna. Da zafi?"

Umma ta ɗora tafin hannu ta janye. "Kamar dutsen guga."

"To wataƙila ƙura ce ta toshe shi. Mamana, kina nan? Samo tsohon buroshi."

Suka share ramukan iska, suka hura, ƙura ta tashi har Takwara ta yi atishawa. Kukan bai ragu ba.

Abba ya sa Umma ta buɗe wani shafi a kwamfuta. Akwai wani layi da ke tafiya daga hagu zuwa dama. Ya ce wannan layin shi ke nuna yawan aikin da ƙwaƙwalwar Wakili take yi, kuma a ƙa'ida kore ne, yana rarrafe a can ƙasa.

"Ja ne," in ji Umma. "Ya manne da sama, ko motsi ba ya yi."

"To kin ga matsalar. Ƙwaƙwalwa ɗaya gare shi. Kamar ke ce a kan keke, wata ta zo ta kafe a gabanki da riga ɗaya, ki ɗinka ta ce warware, ki warware ta ce ɗinka. Duk wanda ya zo bayanta sai ya bi layi. Fitila tana layi, ƙofa tana layi."

"Ƙararrawar Inna ma tana layi."

"Ita ma," in ji Abba a hankali. "Sai mun gano wace ce mai rigar."

Suka fara da kashe shi gaba ɗaya. Da Umma ta zare wayar wuta, gidan ya yi tsit, har Takwara ta ji ɗigar famfon kicin. Suka mayar. Layin ya fito kore, ya yi rarrafe kaɗan, Umma har ta fara hamdala. Sai ya ɗaga kai, ya hau, ya hau, ya koma ja. Fanka ta ɗauki kukanta daga inda ta tsaya.

Daga nan Abba ya ce a riƙa cire ayyukan ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda zai sa layin ya faɗo. Umma ta kashe na injin ruwa. Suka jira, ba canji. Ta mayar, ta kashe na fitilu. Ba canji. Ta kashe na ƙofa, ta kashe na rediyo, ta kashe wanda ke lura da sanyin firij.

"Kyamarar fa?" in ji Umma.

"Wannan ba ta cin komai. Da ta kalli mutum ta gane shi, shi ke nan sai ta huta. Bari in yi tunani. Ana kirana, zan sake bugowa."

Wayar ta mutu. Umma ta dubi agogo ta ce lokacin goge wa Kaka jiki ya yi. Ta ce wa Takwara ta zauna ta sa ido a kan layin, kada ta taɓa komai.

Takwara ta zauna ita kaɗai. Sito ba shi da taga, hasken kwamfuta ne kawai a fuskarta. Ta ji Umma ta wuce da bokiti, ta ji an tura ƙofar Kaka. Can sai kukan fanka ya fara sauka, kamar mai kuka da aka rarrasa. Jan layin ya gangaro ya kwanta kore. A take fitilar sito ta kama, ta baranda ta kama, injin ruwa ya tashi a bayan gida, muryar ƙofa ta gaishe da wani da ya daɗe da wucewa. Duk abin da ke layi ya samu shiga lokaci guda.

"Umma! Ya yi shiru!"

"Me kika taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komai ba!"

Shirun ya ɗauki tsawon wankan. Da ta ji Umma ta ɗaga bokiti za ta fito, sai kukan ya dawo.

Umma ta tsaya a baranda da bokiti a hannu ɗaya, ɗankwali a ɗaya hannun. Ta dubi ɗankwalin. Kullum idan za ta tuɓe Kaka takan rataya shi a kan kyamara, don ko na'ura ce ba ta yarda ta ga tsiraicin surukarta ba.

"Koma ciki," in ji ta. "Ki riƙa gaya mini abin da kika gani."

Takwara ta koma. Daga can ƙarshen baranda muryar Umma ta zo.

"Na rufe."

"Ya sauka."

"Na buɗe."

"Ya hau."

"Na rufe."

"Ya sauka, Umma."



Da Abba ya sake bugowa Umma ta gaya masa. Ya ce abin da mamaki, don kyamara ba ta wahala sai idan ta ga wanda ba ta sani ba. Ya ce a buɗe shafin 'yan gida, inda Wakili ke rubuta wanda yake nan da wanda ya fita. Rubutun ƙanana ne, Umma kuma ta bar tabaranta a kan keke, don haka Takwara ce ta karanta.

"Umma, tana gida. Takwara, tana gida. Abba, ba ya nan. Kaka..." Ta tsaya.

"Karanta mana, Mamana."

"Kaka, ta fita, ba ta dawo ba."

"Ta fita yaushe?" in ji Umma.

Takwara ta karanta ranar. Ranar da aka kai Kaka asibiti ce.

"Akwai wani abu a ƙasa," in ji ta, muryarta ta ƙanƙance. "An rubuta, baƙo ɗaya. Yana ɗakin Kaka. Yana nan yanzu."

Tsigar jikin Umma ta tashi, Takwara ta gani a damtsenta. Ta miƙe ta ɗauki muciyar da ke jingine a bayan ƙofa ta nufi ɗakin. Takwara ta bi ta, don zama ita kaɗai a sito ya fi ba ta tsoro.

Rana ce tsaka, haske ya cika ɗakin. Umma ta duba bayan ƙofa. Ta buɗe kabad ta tura rigunan gefe. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, babu komai sai akwatin ƙarfe da silifas ɗin da Kaka ba ta ƙara sawa ba. Ta ɗaga labule. Duk wannan abin Kaka tana kwance tana bin su da ido ɗaya, ɗayan kuma yana kallon sama. Daga nesa ana jin kukan Wakili, siriri, ba ya yankewa.

Suka koma sito.

"Babu kowa," in ji Umma.

"Danna kan kalmar baƙon," in ji Abba. "Zai nuna hotonsa."

Umma ta danna. Hoton ya buɗe. Gado ne, da matashi, da fuska a kan matashin. Wakili ya zana jan murabba'i ya kewaye fuskar, a ƙasa ya rubuta: ba a san shi ba.

Kaka ce.

Umma ta ja shafin ƙasa. Wani hoton ne, irinsa. Ta sake ja. Hotuna ne ba iyaka, na safe, na rana, na yamma, duk fuska ɗaya, duk da jan murabba'i. Takwara ta so ta kau da kai, amma ta kasa. Ta lura da wani abu. A yawancin hotunan Kaka ba barci take ba. Ta juyo da fuskarta sosai tana kallon kyamarar, ido cikin ido, kuma babu kowa a ɗakin sai ita.

"Me kuka gani?" in ji Abba. "Ku yi magana mana."

"Inna ce," in ji Umma. "Bai gane ta ba."

Da Abba ya yi magana, a hankali ya yi ta, kamar mai karanta wa kansa. Ya ce shi ya rubuta dokar, saboda ɓarayi. Ya gaya wa Wakili idan ya ga fuskar da bai sani ba kada ya sake ta, ya yi ta gwada ta da fuskokin 'yan gida har sai ya gane ta ko kuma mai ita ya fita. Bai taɓa kawo wa ransa baƙon da zai zo ya kwanta ba.

"Shi ya sa bai yi ihu ba da ta faɗi," in ji Umma.

"Na ce masa idan Inna ta faɗi. A wurinsa ba Inna ce ta faɗi ba."

Umma ta ɗauki wayar ta fito baranda don sito ya yi zafi. Ba ta lura ta tsaya daf da ƙofar Kaka ba.

"To yanzu me za a yi?"

"A kashe kyamarar kawai. Zuwa ta samu sauƙi, fuskar ta koma daidai."

"Idan ta sake faɗuwa ina kan keke fa? Jiya da igiyar ba ta kusa da hannunta, da sai yaushe zan sani?"

"To a shigar da ita a matsayin wani sabon mutum. Na ɗan lokaci."

"Da wane suna?"

Umma ta matso da wayar kusa da bakinta.

"Ina tambayarka, Abban Takwara. Me zan rubuta? Mara lafiya? Ko baƙuwa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Na gwada ce wa Wakili ita ce. Ya ce wannan fuskar da waccan ba su yi kama ba, sai dai a cire tsofaffin hotunan a sa sababbi."

"Kar ki cire."

"Hotunan suna cikin wayarka, suna cikin tawa. Ba ɓata za su yi ba."

"Likita ya ce wasu suna warkewa."

"Ya ce wasu," in ji Umma a tausashe. "Ya kuma faɗi sauran maganar, kana tsaye a wurin. Ni ma ina roƙon Allah ya ba ta lafiya. Amma yau da wace fuska za ta kira ni?"

Sai suka ji ƙwanƙwasa daga cikin ɗaki. Kaka ce take buga kofi a jikin ƙarfen gado. Ba ta taɓa madannin ba.

Suka shiga. Kaka ta ɗaga hannun hagu ta nuna Takwara, sannan ta nuna kanta. Bakinta ya yi ta kokawa da kalmar kafin ta fito.

"Ɗan... kwali."

Umma ta miƙo wanda ke hannunta, Kaka ta ture. Ta nuna kabad. Shuɗin take so, mai zaren azurfa. Umma ta ɗauko za ta ɗaura mata, ta sake turewa, ta sake nuna Takwara.

Umma ta tallafo ta ta zaunar, ta jera mata matasai a baya. Takwara ta hau gadon da gwiwoyinta. Ba yadda za a ɗaura wa mutum ɗankwali ba a dube shi ba. Ta ga kumburin goshin, ta ga idon da ke zubar da ruwa shi kaɗai, ta ga gefen bakin da ya sauka. Ɗaurin farko ya zame. Ta sake. Da ta matso sosai sai ta ji ƙamshin man da Kaka ke shafawa tun tana goya ta, bai canza ba.

Kaka ta ce wani abu. Takwara ta kai kunne.

"Mat... soraciya."

"Ni? Wa ya ce ina tsoro?"

"Ɗaurin... 'yan ƙauye."

"To ɗaura da kanki mana, tunda kin iya."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Kaka, kafaɗarta ta hagu tana girgiza. Sai da Takwara ta ɗan tsorata kafin ta gane dariya ce.

Umma ta kawo kwamfutar ta ɗora a kan kujera. Ta ce wa wayar, "Ka ji dai. Ita ta ce a ɗauka."

"Na ji," in ji Abba. "Inna, ki yafe mini. Sannu."

Kaka ta karkato da kai wajen wayar. "Wakilinka... sakarai."

"Gaskiya ne, Inna. Halin mai shi ya biyo."

Ya gaya wa Umma inda za ta danna. Wakili ya tambaya ko da gaske a cire tsofaffin hotunan, Umma ta dubi Kaka, Kaka ta ɗaga yatsa. Aka cire. Sannan ya nemi fuska ta gaba. Kaka ta ɗaga haɓa ta kalli kyamarar, kallon da ta saba. Ya nemi ta hagu, ta juya. Ya nemi ta dama, wuyan ya ƙi. Takwara ta sa tafin hannunta a kumatun da ya sauka, ta juya shi a hankali. Kumatun da ɗumi, da laushi, kamar na kowa. Ta janye hannun don kada ya shiga hoton.

Suka jira. Kukan da ke fitowa daga sito ya ƙara tsananta, har Umma ta ce ko ya lalace ne. Daga nan ya fara sauka, ya yi ta sauka har ya ɓace. Jan murabba'in ya koma kore. Takwara ta leƙa shafin 'yan gida ta karanta ba a tambaye ta ba.

"Kaka, tana gida. Baƙo, babu."

"Layin fa?" in ji Abba.

"Yana ƙasa," in ji Umma. "Yana rarrafensa."

"To a gwada abin da ya tara mu. Je ki kicin."

Umma ta tafi. Takwara ta sa madannin a hannun Kaka. Babban yatsan bai gama sauka ba ƙararrawa ta kaɗa.

"Na ji!" in ji Umma daga kicin.

Kaka ta sake dannawa.

"Na ji, Inna!"

Ta sake, ta kuma sakewa, idonta mai lafiya yana ƙyalli.

"Takwara, ƙwace abin nan a hannunta kafin ta kashe mini kunne!"

Takwara ba ta ƙwace ba. Ta gyara zama a gefen gadon, ta jingina da kafaɗar da ba ta motsi, suna jin Umma tana faɗa tana dariya, Abba kuma yana tambaya daga cikin waya wai me ke faruwa. Da aka kawo abincin rana ta ce a zuba mata nata a nan. Ta riƙa ba Kaka cokali ɗaya, ita ta ci ɗaya, idan ya zubo ta gefen baki ta goge da tawul ta ci gaba da surutunta.

A ranar ne Takwara ta gane babu wata Kaka da ta rage a asibiti da za a jira dawowarta. Wadda ke kan gadon nan ita ce Kaka, kuma da wannan fuskar za su ci gaba da zama.